Filibi: Garin Romawa a Ƙasar Makidoniya

Yawancinmu mun san Filibi ta wuri biyu, wato Ayyukan Manzanni sura 16 da wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa. Mun yi wa'azi a kan Lidiya, mun yi a kan yarin kurkuku, wasunmu har sun haddace surar farin ciki. Amma in aka tambayi ɗalibi a aji wane irin gari ne Filibi, yakan ce wani gari ne a Makidoniya, daga nan sai ya yi shiru. Luka bai tsaya nan ba. A aya ta 12 ya ƙara kalma guda wadda ya aro daga Latinanci, ya ce garin koloniya ne. Koranti da Listira da Taruwasa da Antakiya ta Bisidiya duk suna da wannan matsayi, amma bai faɗi haka a kan ko ɗayansu ba sai a kan Filibi. Marubucin da ya yi wannan yana so mai karatu ya lura da wani abu, abin da muke so mu bi ke nan a wannan darasi.

Kada kalmar ta ruɗe mu da mulkin mallaka irin wanda kakanninmu suka gani, inda baƙi kaɗan suke zuwa su mallaki ƙasa su bar mutanenta a kanta. Koloniya a wurin Romawa gari ne da ake ɗebo 'yan Roma, galibi 'yan mazan jiya, a zaunar da su a wata ƙasa, a yanka musu gonaki, su yi ta zama da harshensu da dokarsu da irin sarautunsu kamar ba su taɓa barin gida ba. Roma ce aka yanko aka dasa a wani wuri.

Kufan garin yana arewa maso gabashin ƙasar Girka ta yau, kimanin kilomita 15 daga tashar jiragen ruwa ta Kabala, wadda ita ce Niyafolis inda Bulus ya sauka. Garin yana jingine da gindin wani tsauni, gabansa kuma fili ne mai albarka wanda a dā wani sashensa fadama ce. Mutanen tsibirin Tasos ne suka fara kafa shi wajen shekara ta 360 kafin haihuwar Almasihu, suka kira shi Kirenides saboda maɓuɓɓugan ruwan da ke wurin. Bai daɗe a hannunsu ba. A shekara ta 356 K.H. sarki Filibus na Biyu na Makidoniya, mahaifin Iskandar Mai Girma, ya karɓe shi, ya kewaye shi da ganuwa, ya sa masa sunansa. Abin da ya jawo shi zinariya ce. Wani tsohon marubucin tarihi ya ce ramukan zinariyar yankin suna kawo masa talanti 1,000 a shekara, da wannan dukiya kuwa ya biya sojoji, ya kuma sayi ƙofofin garuruwan da takobi bai buɗe ba. Romawa suka ci Makidoniya a shekara ta 168 K.H., daga baya suka shimfiɗa babbar Hanyar Egnatiya daga gaɓar tekun da ke fuskantar Italiya zuwa gabas, ta ratsa tsakiyar Filibi. Duk da haka garin bai yi wani girma ba a lokacin. Zinariyar ta riga ta ja baya.

Yaƙi ne ya sāke masa tarihi. Bayan an kashe Yuliyas Kaisar a shekara ta 44 K.H., waɗanda suka kashe shi, Burutus da Kasiyas, suka tara runduna a gabas. Markus Antoniyus da Oktabiyan, magajin Kaisar, suka bi su. A watan Oktoba na shekara ta 42 K.H. aka gwabza sau biyu a filin da ke yamma da Filibi, kowane ɓangare da mayaƙa wajen dubu ɗari. A karon farko Kasiyas ya zaci an gama da su, ya kashe kansa, alhali Burutus ya yi nasara a nasa gefen. Bayan mako uku aka karya Burutus, shi ma ya bi sahu. Masu nasara suka sallami wasu daga cikin sojojinsu nan take, suka ba su ƙasar garin. Bayan shekara goma sha ɗaya abokan nan biyu suka juya wa juna, Oktabiyan ya ci Antoniyus a yaƙin Aktiyum, ya ƙaro wa Filibi waɗansu mazauna, ciki har da mutanen Italiya da aka ƙwace gonakinsu domin sun goyi bayan Antoniyus. Da ya zama Augustas, wanda muka sani a Luka sura 2, garin ya sami cikakken sunansa na Latinanci, Colonia Iulia Augusta Philippensis.

Sai mu tambaya, gonakin wa aka raba wa sojojin nan? Akwai masu su. Helenawa da mutanen Tirakiya da suka gaji ƙasar suka wayi gari baƙi a garinsu. Suna nan, suna noma, suna kasuwanci, wataƙila ma sun fi Romawan yawa, amma ba su da ƙuri'a, ba su riƙe sarauta, doka kuma ba ta ɗauke su daidai da ɗan Roma ba. Garin ya sami wata gata da ake kira haƙƙin Italiya, wato a idon doka ƙasar Filibi kamar ƙasar Italiya take, mai 'yancin Roma yana mallakarta cikakkiyar mallaka, ba ya kuma biyan harajin ƙasa da na kai da sauran mutanen lardin suke biya. Manyan mahukunta biyu ne suke mulki, ana zaɓensu shekara shekara, gabansu kuma dogarai suna tafe da damin sanduna a kafaɗa. Sandunan nan ba na ado ba ne. Su ne suka sauka a bayan Bulus da Sila.

Garin ba babba ba ne. Ganuwar ba ta wuce kilomita uku da rabi a kewaye ba, masana kuma suna kiyasta mazaunansa tsakanin dubu goma zuwa dubu goma sha biyar. Amma wanda ya shiga kufan yau abin da zai fara ɗaukar idonsa rubutu ne. A gindin gumaka, a goshin gine-gine, a kan kaburbura, ko'ina an sassaƙa sunaye, yawancinsu da Latinanci, a ƙasar da harshen kasuwa da na gida Helenanci ne. Rubutun kusan iri ɗaya ne: sunan mutum, sunan ubansa, gundumar Roma da aka rubuta shi a ciki, sa'an nan jerin muƙaman da ya hau ɗaya bayan ɗaya, na soja da na gari da na firistancin Kaisar, da abin da ya gina da kuɗin aljihunsa. Mutanen Filibi suna so a san matakin da kowa ya taka.

Wannan hali bai tsaya ga manya ba. A jikin dutsen da ke bayan garin akwai wani wurin sujada na wani allahn daji da Romawa suke kira Silbanus, wanda aka yi bayan zamanin Bulus. Masu bautarsa ƙananan mutane ne, ciki har da bayi da 'yantattun bayi. Duk da haka su ma sun sassaƙa jerin sunayensu a dutsen, sun naɗa wa kansu sarautu masu kama da na majalisar gari, sun kuma rubuta abin da kowa ya bayar: wannan ya kawo gunki, wancan ya kawo allunan yumɓu 400 na rufi. Duk fastor da ya taɓa zama a taron gidauniya yana jin ana kiran sunaye da adadin kuɗi a lasifika zai gane dutsen nan ba sai an fassara masa ba. A wannan dutse kuma akwai siffofi da dama na allahiya Diyana maharbiya, da haikalin gumakan Masar. Filibi ba ta ƙi baƙin alloli ba. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a taɓa girman Roma.

Bulus ya iso wajen shekara ta 49 ko 50 bayan haihuwar Almasihu, tare da Sila da Timoti, ga alama da Luka kuma, gama tun daga Taruwasa, a kan hanyarsu ta zuwa nan, labarin ya fara cewa "mu". Al'adarsa ce ya fara da majami'ar Yahudawa, amma a Filibi bayan gari ya fita, zuwa bakin rafi, inda ya sami mata sun taru domin addu'a. Abin da masu tono suka samu ya yi daidai da wannan, domin rubutun da ya ambaci majami'a a garin ya zo ne ƙarnuka bayan Bulus. Wadda ta fara ba da gaskiya ma ba 'yar gari ba ce. Lidiya baƙuwa ce daga Tayatira, a ƙetaren teku, tana cinikin tufafin shunayya, hajar da masu muƙami a gari irin wannan ba sa rabuwa da ita. Ikkilisiyar farko a Filibi ta fara a wajen ƙofa, a hannun mace baƙuwa, ta koma gidanta.

Yanzu mu duba ƙarar da aka kai. Iyayengijin baiwar nan mai duba hasarar kuɗi suka yi, amma da suka tsaya gaban mahukunta ba su ambaci kuɗi ba. Suka ce mutanen nan Yahudawa ne, mu kuwa Romawa ne, suna koyar da al'adun da ba su halatta gare mu ba. Sun san maganar da za ta ta da garin. A daidai waɗannan shekaru ne Kaisar Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga birnin Roma, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18:2 ya nuna, koloniya kuwa takan so ta fi uwar gijiyarta zafi. Ba a yi bincike ba, ba a tambayi waɗanda ake ƙara ko su wane ne ba. Aka tuɓe su, aka doke su, aka jefa su can cikin kurkuku. Haka ake yi wa wanda ba shi da 'yanci, ba kuwa wanda zai ce don me.

Ga abin da ya daɗe yana damun masu nazari. Bulus ɗan Roma ne, Sila ma haka. Dokar Roma ta hana a doki mai wannan 'yanci ba tare da shari'a ba. A Urushalima, cikin sura 22, Bulus ya faɗi matsayinsa tun bulala ba ta taɓa shi ba. Me ya sa a Filibi sai da gari ya waye, bayan dūka da daren kurkuku, sa'an nan ya faɗa? Wasu sun ce hayaniyar taron ce ta hana a ji shi, mai yiwuwa ne kuwa. Mu dai ga yadda muke gani. Da ya tsira ta wurin cewa shi ma Baroma ne, da ya amince da ma'aunin masu ƙararsa, cewa akwai bayan da ya cancanci sanda da wanda bai cancanta ba. Da kuma ya bar sababbin masu bi, waɗanda yawancinsu ba su da wannan kariya, da bisharar da mai kawo ta yake da mafita su kuwa ba su da ita. Da safe kuma bai yarda a sallame su a ɓoye ba. Ya sa mahukuntan suka zo da ƙafarsu suka ba da haƙuri, abin da zai sa su yi tunani sau biyu kafin su taɓa mutanen da ke taruwa a gidan Lidiya. Bai jefar da 'yancinsa ba, bai kuma ɓuya a bayansa ba. Ya ajiye shi har lokacin da zai amfani waɗansu. Wannan fahimtarmu ce, ba mu ce nassi ya faɗe ta a fili ba, amma tana da kyau a tattauna ta a tsakanin masu hidima a wuraren da takardar shaidar asali take raba ɗan ƙasa da baƙo, har a cikin ikkilisiya ɗaya.

Da wannan a zuciya, wasiƙar tana buɗewa ta wata fuska dabam. A yawancin wasiƙunsa Bulus yakan fara da kiran kansa manzo. Ga mutanen garin muƙamai kuwa, bawa ya kira kansa, shi da Timoti. A sura 3 ya jera nasa abin taƙama, haihuwa da kabila da ilimi da himma, kusan yadda ake jera su a gindin gunki a dandalin garin, sa'an nan ya ce duk hasara ce. A sura 2 ya nuna Almasihu yana bin matakan a juye, daga sama zuwa ƙasa, zuwa siffar bawa, har zuwa gicciye, irin mutuwar da aka keɓe wa bayi da waɗanda ba su da 'yanci. A 1:27 da 3:20 kuma ya yi amfani da kalmomin Helenanci na zaman ɗan ƙasa, ya gaya musu cewa garin da aka rubuta sunansu a cikinsa yana sama, daga can kuma suke jiran Mai Ceto da Ubangiji, laƙabi biyu da ake ba Kaisar. Sau da yawa mun ji ana wa'azin wannan aya kamar tana cewa duniya ba ruwanmu da ita, mu dai muna jiran tafiya. Mutumin Filibi ba zai ji ta haka ba. Ɗan koloniya ba ya shirin komawa Roma. Aikinsa shi ne ya zauna inda aka dasa shi, ya yi zaman Roma a wurin.

Me ikkilisiyar nan ta bari a ƙasa? Har kusan shekara ɗari uku, ba wani gini da masu tono za su nuna su ce nata ne. Abin da ya rage nata yana cikin takarda. Mun san ta aika wa Bulus taimako a Tasalonika fiye da sau ɗaya, ta kuma aiki Abafaroditus gare shi a kurkuku, mun kuma san daga 2 Korantiyawa 8 cewa ikkilisiyoyin Makidoniya cikin talauci suke bayarwa. A farkon ƙarni na biyu Ignatiyus na Antakiya ya ratsa garin a ɗaure, ana kai shi Roma domin a kashe shi, masu bi na Filibi suka karɓe shi suka yi masa rakiya. Daga baya suka roƙi Folikaf, bishof na Samirna, ya aiko musu da wasiƙun Ignatiyus. Amsarsa tana nan har yau. A cikinta ya yi baƙin ciki a kan wani dattijon ikkilisiyarsu mai suna Balens, wanda son kuɗi ya kā da shi tare da matarsa, ya kuma roƙe su kada su ɗauke su abokan gāba, sai dai su nemi komo da su. Ikkilisiyar da ta yi suna wajen bayarwa, abin kunyarta na farko da tarihi ya riƙe a kan kuɗi ne, a hannun shugaba kuma.

Bayan da Kwanstantin ya ba Kirista 'yancin sujada a shekara ta 313, sai duwatsu suka fara magana. A gabas da dandali masu tono sun sami wani ɗan madaidaicin ɗakin sujada mai daɓen ƙananan duwatsu masu launi, a daɓen kuma an rubuta cewa bishof Forfiriyus ne ya yi shi domin majami'ar Bulus. An san wannan bishof, domin ya halarci majalisar ikkilisiya ta Sardika a shekara ta 343, saboda haka ginin yana cikin mafi tsufan ɗakunan sujada na Girka da za a iya sanin lokacinsu. Mu lura da abu ɗaya: rubutun farko na ikkilisiya a Filibi suna ne, da muƙami, da abin da mai sunan ya yi. Salon garin ke nan.

Daga nan abin ya yi ta hauhawa. Wajen shekara ta 400 aka rushe ɗakin, aka gina babbar majami'a mai kusurwa takwas a wurinsa, da wurin baftisma da masaukin baƙi da gidan bishof. Wajen shekara ta 500 aka gina wata a kan tudun da ke bisa dandali, wadda tare da farfajiyarta ta kai mita 130 a tsawo, ta fi dandalin kansa, wanda yake mita 100 ne. Ƙaramin gari ya tashi da majami'u wajen bakwai, galibi saboda masu ziyara da suke zuwa domin sunan Bulus. Ba mu ce wannan duk banza ba ne. Mutanen da kakanninsu suka yi sujada a ɓoye suna da dalilin yin murna da farin dutse. Amma wajen shekara ta 550 aka rushe kasuwar garin da filin motsa jiki domin a sami wurin wata majami'ar kuma, wadda aka so a ɗora mata ƙubba irin ta manyan majami'un Kwanstantinoful. Maginan ba su daidaita nauyin da ginshiƙan ba. Ƙubbar ta rufta tun ba a gama aikin ba, ba a kuwa sāke ta da ita ba. Bayan ƙarnuka aka gyara shirayin ƙofarta kawai ya zama ɗan ɗakin sujada ga 'yan mutanen da suka rage.

Ƙarshen ya zo da sauri. Annoba a tsakiyar ƙarni na shida, hare-haren kabilun Silab daga arewa, sa'an nan girgizar ƙasa wajen shekara ta 619 wadda garin bai farfaɗo daga gare ta ba. Ya ci gaba a matsayin sansanin soja na waɗansu ƙarnuka. Da wani matafiyi Bafaranshe, Piyer Belon, ya bi ta wurin a shekarun 1540, kango ya tarar, mutane suna ɗibar duwatsunsa suna gini. Turkawa suka riƙa kiran wurin Direkler, wato ginshiƙai, saboda ginshiƙan majami'ar da ba a gama ba, su ne suka fi kome tsayi a filin.

Masana daga Faransa suka fara tono sosai a shekara ta 1914, Girkawa suka ci gaba bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a shekara ta 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya. Ga wanda Allah ya ba shi zarafin zuwa, ko wanda zai nuna hotuna a aji, sai a yi hankali da abin da ake faɗa. Dandalin da ake gani yanzu an sāke gina shi ne a zamanin Kaisar Markus Aureliyas, fiye da shekara ɗari bayan Bulus, ko da yake a kan wurin tsohon yake. Ɗakin da ake nuna wa baƙi a matsayin kurkukun Bulus matarar ruwa ce ta Romawa, wadda Kiristocin baya suka mayar wurin tunawa. Gidan wasan da ke jikin tsauni ya riga Bulus, amma Romawa sun sāke fasalinsa daga baya domin faɗan mutane da namomin jeji, yau kuma ana wasan kwaikwayo a cikinsa kowace bazara. Wurin baftisma da ke bakin rafi da sunan Lidiya ginin ƙarni na ashirin ne. Abin da za mu iya nunawa da ƙarfin zuciya shi ne layin Hanyar Egnatiya a gefen arewa na dandalin, inda har yanzu ake ganin sawun ƙafafun karusai a jikin duwatsun. Ta wannan hanya suka shigo daga Niyafolis, ta nan kuma suka fita yamma zuwa Amfibolis da Tasalonika, da tabon sanduna a bayansu.